Ranar da Yaya Malam Ya Kifar da Ƙoƙo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga wurin Allah muka zo, Yaya Malam kuwa ya riga mu komawa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, waɗanda suka sallace shi ba su cika sahu biyu ba. Mutumin da in da lokacin lafiya ne, da sai motoci sun rasa hanyar wucewa a unguwarmu Takur. An hana taro, an hana musafaha, saboda korona. Masu ta'aziyya daga bakin zaure suke tsayawa, wani da takunkumi a baki, wani ya sauke nasa a haɓa kamar gemun aro, su ɗaga hannu, su shafa, su juya. Wani tsohon ɗalibinsa da ya zo daga Garki, shi ma da furfurarsa, ya zauna a kan dakali ya yi ta kuka, babu wanda ya iya dafa shi. Mata kuwa ta kan katanga suke miƙo mini gaisuwa.

Ni idona ya rage, amma kunnena yana nan. Na ji abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa bayan an shafa fatiha. Wata ta ce ciwon ne ya taɓa masa kai a ƙarshe. Wata ta ce a'a, Goggon gidan ce, wato ni, ta tsare ƙofa, ita ta raba shi da 'ya'yansa. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce maƙwabciyarmu ta bayan gida, da ta ce, “Malami guda ya kori 'yarsa da tsohon ciki. Allah dai ya sa ya cika da kyau.”

Ban tanka wa kowa ba, domin a lokacin akwai alkawari a wuyana. Yanzu ya sauka, zan yi magana. Ni ban shiga aji ba, ban da surorin salla ban san komai na takarda ba. Matar ɗansa Babba ce ke rubutawa, surukar marigayi, malamar firamare, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki, yadda na faɗa haka za ta sa.

Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya. Ina binsa, ƙaninmu da yara ke kira Baffa yana bina. Babu mai rai yau da ya san Yaya Malam tun bai zama Malam ba sai ni.

Duk wanda ya san gidan nan ya san ƙoƙon. Ƙoƙon duma ne, ba babba ba, bakinsa ya yi baƙi don tsufa, yana da ɗinki a gefe inda ya taɓa tsagewa. 'Ya'yansa sun kawo masa kofuna na tangaran da na silba har sun gaji, duk suna cikin kwalla. A wannan ƙoƙon yake shan fura da rana, kunu da safe. Kuma tun da nake da shi ban taɓa ganin ya shanye ba. Zai kai rabi ko ya ɗan wuce, ya goge baki, ya ɗaga kai ya ce, “Wa ya rage bai sha ba?” Wanda ya miƙa wa sai ya zo ya durƙusa a gabansa, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, Yaya ya dafa kansa ya yi masa tofi. Mutane sun ɗauki wannan ragowar da girma. Mai jarrabawa yana nema, mai ciki tana nema, mai shirin tafiya yana nema.

Amma ni na san inda abin ya samo asali, domin ni na fara sha. Muna yara aka yi wata shekara damina ta ɗauke da wuri, gero ya ƙone a tsaye. Innarmu takan dama ɗan abin da ya samu ta raba mana a ƙananan ƙore. Ni mai haɗama ce, in shanye nawa in tsaya ina kallon bakinsa. Sai ya ce wai ya ƙoshi, ya turo mini. Yaro ɗan shekara goma, cikinsa na ƙugi ina ji, wai ya ƙoshi. Daga nan hannunsa ya saba.

Shekarun da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari, aka fara sare gonaki ana gina gidaje. Wani babba a cikinsu ya ji labarin ragowar, ya zo da mota har ƙofar zaure, ya cire takalmi ya zauna yana jira, yana ta gyara babbar riga. Yaya ya sha furarsa a nitse. Da ya ɗaga kai, sai ya ƙwala wa Bafulatanar da ta kawo mana nonon kira, wadda ta sauke ƙwarya tana haki a gindin darbejiya, ya ce, “Ke kika yi tafiyar, zo ki sha.” Ta shanye ta ce miyetti, godiyarsu ta Fulani. Shi kuwa mai motar aka kawo masa fura sabuwa cikin kofin tangaran, cike taf. Yana fita na ji yana tambayar direbansa ko ya yi wani laifi ne. Da na gaya wa Yaya, ya ce, “Laifin me? Na ga ba ya jin yunwa.”

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a kuma, gari ya cika da wa'azi, wasu samari uku suka zo masa da littattafai a hammata. Suka ce neman albarka a ragowar mutum ba shi da asali, ya daina ɓatar da jama'a. Ina bayan ƙofa ina tsintar shinkafa, na so in fita da muciya. Yaya ya bar su suka gama, bai katse su ba. Sannan ya ce, “Kun yi gaskiya a inda kuka yi gaskiya. Ni ban taɓa ce wa kowa akwai albarka a ciki ba. Gero ne da nono. Abin da na kasa shi ne in shanye wani yana kallona.” Rana ta take, sun yi magana mai tsawo. Ya miƙa wa babbansu ƙoƙon ya ce ya jiƙa maƙogwaro ya ci gaba. Yaron nan ya karɓa ya kai baki, sai da ya haɗiye sannan ya tuna abin da ya kawo shi. 'Yan'uwansa suka sunkuyar da kai suna dariya. Biyu daga cikinsu sun dawo ɗaukar karatu a wurinsa, ɗaya ma shi ne wanda ya yi kuka a kan dakali.

Kada wanda ya ji wannan ya zaci zan ce wana ba shi da aibu. Yana da taurin kai, kuma taurin kansa ya taɓa cina.

Shekarar sanƙarau ce, ba da daɗewa da zuwan ma'aikatan nan ba. Mijina ya rasu, na dawo gidan Yaya da 'yata ɗaya tilo, tana shekara tara. Zafi ya yi zafi, yaran gidan duk a ɗaki ɗaya suke kwana. Ɗansa na fari, wanda muke kira Babba, ya kwanta, wuya ya sanƙare. Ni kuwa na riga na lura da unguwa: gidan da ciwon ya shiga, ɗakin da ya fara nan yake ƙara ɗauka. Na ce, “Yaya, a fitar da sauran yaran su kwana a rumfa.” Ya ce ba a gudun ɗan'uwa a gidansa, abin da Allah ya rubuta ba rumfa ce za ta kankare shi ba. Na sake faɗa. Ya ce, “Goggon yara, na gama magana.” Babba ya tashi, da kunne ɗaya da ba ya ji har yau. 'Yata ba ta tashi ba.

Ban yi masa gori ba, ko sau ɗaya. Na san ajali ne. Amma daga ranar ban ƙara shan ragowarsa ba. Shi kuma bai fasa ba. Kullum ta Allah, shekara ashirin da ɗoriya, in ya ɗaga kai ni yake fara miƙa wa. In ce, “Na ƙoshi, Yaya.” Ya ce, “To.” Sannan ya tambayi wa ya rage. Yara sun taso suna ganin haka, sun ɗauka kunya ce irin ta wa da ƙanwa.

Da matarsa ta rasu, autarsu tana 'yar ƙarama, ni na goye ta. A bayana Auta ta girma, ni na yi mata kitso, ni na kai ta ɗakin miji a Ringim. Taurin kan ubanta ta ɗauko, ba ta bar ko kaɗan ba. Kuma duk cikin 'ya'yansa ita kaɗai ke sa hannu ta karɓe ƙoƙon tun bai miƙa ba, ya yi dariya ya ce, “Ɓarauniyar fura ta zo.” Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta yi ɓari sau biyu. Na ukun ne ya zauna, aka sa ranar da za ta zo goyon ciki gidan ubanta, ta haihu a hannuna, in yi mata wankan jego. Tun kafin azumi na sayi itace, na tanadi kanwa, na share mata ɗaki.

To, ana saura kwanaki a fara azumi, kafin a rufe hanya, Yaya ya je Kano ta'aziyyar wani abokin karatunsa. Ya dawo da tari busasshe da ɗan zazzaɓi. Muka ce gajiyar mota ce. Ana ta maganar korona a rediyo, Babba ya ce wannan ciwon masu hawa jirgi ne, me zai kawo shi gidan da ko fanka sai an kawo wuta. Aka kama azumi, Yaya ya ƙi ajiyewa. Da magariba a dama masa kunun tsamiya, ya sha, ya miƙo mini, in ce na ƙoshi, ya miƙa wa na gaba.

Ni dai ina zaune a kan tabarmata ina kallo. Kwana uku a jere Baffa ne ya sha, domin daga gidansa yake tahowa buɗa-baki wurin wansa. Sai Babba. Sai matarsa, wannan da ke riƙe da biro. Jikoki ma sun lasa. Ba a yi mako ba Baffa ya kwanta. Bayansa Babba ya fara rawar sanyi da tsakar rana. Sai ga matar Babba ta zuba gishiri sau biyu a miyar kuka, na yi mata faɗa, ta ce, “Wallahi Goggo ba na jin ɗanɗanon komai, ko daddawa ba na jin warinta.” Jikoki suka yi 'yar mura suka watsake. Yadda suka sha, haka suka kwanta, ba wanda ya tsallake wani. Masu aikin gida da ba sa zuwa gabansa, lafiyarsu ƙalau.

Baffa yana da ciwon suga. Numfashi ya gagare shi, aka kai shi asibiti, kwana biyu ya cika.

Ranar da aka binne shi, bayan la'asar, na shiga ɗakin Yaya. Yana jingine da bango, carbi a hannu, ƙirjinsa na hawa da sauka.

Na ce, “Yaya, ina da magana, kuma ba za ta yi maka daɗi ba.”

Ya ce, “Yaushe taki ta taɓa yin daɗi? Faɗi.”

Na lissafa masa su a yatsu, wanda ya fara sha da wanda ya fara kwanciya. Na ce kowannensu ya durƙusa a gabanka, fuska da fuska, ya sa baki inda ka sa, ka yi masa tofi.

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce, “Kina nufin ni na kashe ƙanina?”

Na ce, “Allah ne ya karɓi ransa. Amma ta ƙoƙonka ciwon ya bi. Na taɓa gaya maka irin wannan sau biyu na yi shiru. Yau ba zan yi shiru ba.”

Ya ce, “Fita.”

Na fita. Na ɗauka an maimaita shekarar sanƙarau.

Da aka kira magariba, mai iya tashi ya taso, aka taru a ƙofar ɗakinsa kamar kullum. Babba ya lallaɓo da bargo a kafaɗa. Na kai kunu. Yaya ya sha ludayi uku, ya goge baki, ya ɗaga kai. Jikoki har sun fara matsowa. Sai ya miƙa hannu waje ya tuttular da sauran a ƙasa, ya kifar da ƙoƙon a kan dokin ƙofa. Mutumin da ko ƙwayar gero ya gani a ƙasa sai ya tsince.

Ya ce, “Daga yau kowa ya sha nasa. Kada wanda ya ƙara tsallake ƙofar nan sai Goggonku, ita ma ta ɗaure bakinta da ƙyalle. Masu ciwo su koma ɗakin kudu, yara su kwana a rumfa.”

Babba ya ce, “Baba, laifin me muka yi?”

Ya ce, “Da wane kunnen ka saurare ni, mai jin ko ɗayan? Na ce kowa ya sha nasa.”

A rumfa, in ji shi. Ni kaɗai na san abin da wannan ya ci masa.

Washegari Babba ya buga wa Auta waya, ya ce kada ta zo, gidan ba lafiya. Ta ce ai yanzu ne ma zuwa ya kama ta, wa zai kula da Baba. Ya yi mata tsawa, ta kashe wayar. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, sai ga adaidaita a ƙofar gida. Auta ce da mijinta, da akwati, da cikin wata takwas ya yi mata gaba. Na tare ta a bakin zaure, na tsaya nesa na ce ta dakata a nan.

Ta ce, “Goggo, me ye wannan a bakinki kamar mai shara? Matsa in wuce.”

Na ce, “In kika ɗaga ƙafa sai na saɓa miki.” Ta san ni, ta tsaya.

Na koma wurin Yaya. A ranar ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi. Na gaya masa.

Ya ce, “In na ce mata ciwon nan ne, za ta koma?”

Na ce, “Za ta ajiye akwati ta ɗaura zani ta shigo jinya.”

“In na ce don abin da ke cikinta ne?”

“Za ta ce Allah ne mai tsarewa. 'Yarka ce, Yaya. Bakinka ne a bakinta.”

Ya miƙo mini hannu. Sannan ya ce, “Kama ni in tashi. Ki saki asabari kada ta ga fuskata.”

Na kama shi, ya riƙe ƙyauren ƙofa. Na ce wa Auta ta matso tsakar gida, ta tsaya wajen rijiya. Ban san inda ya samo muryar ba. Har bayan katanga an ji.

“Wa ya aiko ki? Yayanki ya ce kada ki zo, kin mai da shi mahaukaci. Gidana ba tasha ba ne da za a sauka yadda aka ga dama. Ɗauki kayanki ki koma gidan mijinki. Kada in ƙara jin ƙafarki a gidan nan sai na kira ki.”

Ta ce, “Baba, ni ce fa. Auta ce.”

“Na san ko ke wace ce.”

“Goyon ciki na zo, Baba. Kai ka sa ranar.”

“Na fasa.”

Ta tsaya, hannu a ƙugu saboda nauyi. Ta ce, “To ko ragowa a ba ni in sha in tafi.”

Ya ce, “Babu.”

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, “Goggo, har da ke?” Na ce, “Har da ni.” Ban bari fuskata ta motsa ba. Mijinta, yaro mai kunya, ya ɗauki akwatin, ya ja hannunta suka fita.

Wannan shi ne abin da maƙwabta suka ji. Ba su ji ƙarya ba, amma rabi suka ji.

Ya yi kwana shida bayan haka. A ciki ma'aikatan lafiya suka zo da fararen kaya, suka zura mana tsinke mai auduga a hanci. Sun so su tafi da shi, ya ce su bar gadon ga wanda zai tashi. Sakamakon bai fito ba sai bayan an binne shi, kuma abin da na lissafa a yatsu shi suka faɗa a waya. Sun ce ba ƙoƙon kaɗai ba ne, har numfashi da tofin. Ban yi musu ba. Ni ma da nake shiga da fita ya taɓa ni daga baya, na yi kwanaki ina jin tuwo kamar ƙasa, Allah ya tashe ni. Babba da matarsa suka warke. Bayan ranar da aka kifar da ƙoƙo, ban da ni, ciwon bai ƙara kama kowa a gidan ba.

Ana jibi zai rasu, da rana, ciwo ya riga ya sa shi ajiye azumi, na kai masa ruwa a kofi. Ya sha kaɗan, hannunsa ya taho wajena da kansa, sai ya tuna ya janye. Ya yi murmushi ya ce, “Yau da na ga alamar za ki karɓa, babu dama.” Sannan ya ce, “Wancan karon kin faɗa mini sau biyu ban ji ba. Ki yafe mini yarinyar nan.” Shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa ambatonta ba, ni ma haka. Na ce, “Na yafe, Yaya. Tuntuni ma, bakina ne ya ƙi faɗa.” A nan ya ɗora mini alkawari. Kada in gaya wa Auta komai sai ta sauka lafiya, domin in ta sani za ta taho makoki cikin gidan ciwo. Ƙoƙon kuma in wanke shi da ruwan zafi da sabulu, in shanya a rana, in kai mata da hannuna.

Auta ba ta zo ta'aziyya ba, mijinta ta turo. Ina kiranta ba ta ɗauka. Haka na haɗiye, ina jin mata suna cin namansa ta kan katanga.

Bayan salla da 'yan makonni ta haihu, namiji, a hannun uwar mijinta. Kwana biyar da haihuwa mijin ya buga wa Babba waya. Ya ce shi ya yi niyyar mayar da sunan Malam, amma mai jego ta rantse ba za a sa wa ɗanta sunan wanda ya kore shi tun yana ciki ba. Ya rasa yadda zai yi, jibi suna.

Washegari na ɗaure ƙoƙon a ɗankwali na hau motar Ringim. Na same ta a bakin gado, an gama wankan yamma, jikinta na tururi. Ta gaishe ni kamar baƙuwa, ba ta miƙo mini jaririn ba. Na sa aka fita aka bar mu. Na zauna daga bakin ƙofa, na faɗa mata duka, tun daga gishirin miya har zuwa asabari. Tana ji, tana kallon bango.

Da na gama ta ce, “Goggo, kin rene ni, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Amma mutum yakan gyara wa mamaci magana. Muryar da na ji ba ta wasa ba ce.”

Na ce, “Ni na taɓa gyara wa wani magana, mai rai ko matacce? To saurari abin da ba ki gani ba. Kina juya baya ƙafarsa ta saki, ya zame a jikin ƙyaure, ni na tare shi. Ya toshe bakinsa da hannun riga don kada ki ji tarin. Bai bari na kwantar da shi ba sai da ƙarar adaidaita ta ɓace. Sannan ya ce, ‘Ta yi kuka?’ Na ce ta yi. Ya ce, ‘Ta yi fushi?’ Na ce ta yi, irin naka. Ya ce, ‘Alhamdulillahi. Da kukan ne kaɗai, da gobe ta dawo.’ Daga nan ya juya fuska bango. Ni dai na ga kafaɗarsa na rawa, na fita na ba shi wuri.”

Na kwance ɗankwalin na ajiye ƙoƙon a gabanta.

Ba ta taɓa shi nan da nan ba. Ta daɗe tana kallon ɗinkin gefensa. Sannan ta ɗauka ta kifa a fuskarta, kukan da ta hana kanta tun rasuwar ya ɓalle, har uwar mijin ta leƙo. Na ce a ƙyale ta. Da ta lafa, ta tashi da kanta ta ɗauko yaron ta sa mini a cinya. Goshin Yaya ne sak.

Aka kawo kunun kanwa na mai jego. Ta juye a ƙoƙon ta sha, ta kai rabi, ta goge baki, sai na ga ta miƙo mini. Ban ce na ƙoshi ba. Na ce, “Shanye abinki, mai jego ba ta rage kunu, kuma ciwon bai bar gari ba tukuna. Ranar da ya bari, ni zan fara karɓa.” Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, “Goggo, ke dai ba kya canzawa.” Ta shanye.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, kaɗan, nesa-nesa da juna. Muna ciki muka ji an shafa fatiha. Mijinta ya shigo ya faɗi sunan. Ni ba zan iya faɗinsa ba, ita ma ba za ta iya ba har abada. Malam Ƙarami muke ce masa.

Saboda haka, ke maƙwabciyata ta bayan gida, da duk wanda ya ji rabin magana ta kan katanga, ga sauran rabin. Kansa bai taɓu ba, kuma ba ni na juya shi ba, ba a taɓa juya Yaya ba. Ya cika da hankalinsa, da kalmar shahada, ina riƙe da kansa.

Allah ya jiƙan Yaya Malam, ya jiƙan Baffa, ya jiƙan 'yata da ta riga su. Allah ya shayar da shi daga tafkin Annabi, sha wanda ba zai waiwaya ya nemi wa ya rage ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.